Mai Tura Waƙa a Ƙofar Ƙaura

Teburina ƙafa uku ne, ta huɗun bulo ce,
Lema ta tsufa, kwamfutar ta girme ta.
Nan nake tura waƙa tun hantsi,
Ɗari biyu in cika maka waya har ta ƙoshi.

Masu son zama mawaƙa ina gane su tun daga tsallaken titi.
Ba su tambayar farashi,
Gaisuwarsu doguwa, har da ta mutanen gida,
Hannu na aljihu yana murza memori kamar carbi.

Mannir ya zo wata Laraba,
Ɗan gyaran babur, baƙin mai ya zauna a farcensa.
Ya ce, "Sada, saurara, don girman Allah."
Na toshe kunne da waya, na juya wa hanya baya.

Wata huɗu ya yi yana zubin adashi
Kafin ya taka sitidiyon bayan gidan mai.
Awa biyu ya saya, ɗaukewar wuta ta ci ɗaya,
Aka ɗora masa kiɗan da mutum bakwai suka riga shi hawa,
'Yar amshi ta yi nata tana duban agogo.

Baitin farko, an sha jin irinsa.
Na biyu, ya yi ta bin muryar wani kamar ɗan rakiya.
Amma na uku,
Inda ya ce talauci maƙwabci ne mai aron kwano,
In ya maido sai ya zauna jiran tuwo,
Nan na cire wayar na dube shi sosai.

Ban karɓi kuɗinsa ba.
Na cusa waƙar tsakanin manya biyu,
Yadda mai tumatir ke ɓoye ɗanye cikin nunannu.
Ta bi direbobin Jibiya, ta bi na Dutsin-ma,
Sati uku na ji ta tana fita daga kurkura,
Mai shayin gefena yana bin ta da fito.
Na ce, "Ka san mai ita?" Ya kira sunan wani.

To, Mannir bai faɗi sunansa a ciki ba.
Kunya, wai. Kada a ce ya yabi kansa.

Sai ga waya daga Kano, murya mai sanyi,
Aka sayi baiti na uku dubu ashirin da yadin shadda.
Yanzu wani ke rera shi a manyan bukukuwa,
Kuɗi na zuba masa har kan takalmi.
Mannir kan ji shi a rediyo yana tsugune gindin babur,
Ya ƙara ɗaure noti, ya ce da yaro, "Miƙo sha biyu."

Ya yi wa ɗan takarar kansila guda uku,
Aka ba shi rabi, aka ce saura bayan rantsuwa.
Mutumin ya faɗi. Lambar ta daina shiga.

Na zaci ya bari. Wata biyar ban gan shi ba.

Jiya sai ga shi da shaddar nan, an ɗinka,
An kira shi biki a Batagarawa,
Dubu sha biyar, shinkafa, da kuɗin mota.
Lasifika ta yi gardama, ya ce, amma mata sun amsa,
Wata tsohuwa ta manna masa hamsin a goshi,
Yana ajiye da ita, ya ƙi kashewa.

Ya miƙo sabon memori. Na saurara.
Sunansa a farko, sunansa a tsakiya,
A ƙarshe lambar waya, sau biyu, a hankali,
Kamar mai sanar da cigiyar akuya.
Na yi dariya har tebur ya zame daga bulo.

Bayansa wata yarinya na tsaye da hijabi ruwan toka,
Ta gaishe ni, ta gaishe da aiki, ta tambayi iyali,
Hannunta a dunƙule.
Na ce, "Kawo, Murja ko wa?
Kin dai faɗi sunanki a ciki?"